Ketura Dzarma da Layin Farko

Da ƙarfe bakwai da rabi Ketura Dzarma take sauka daga keke a bakin unguwar Hausari a Maiduguri, ta buɗe shagon da bai fi faɗin tabarma biyu ba, ta yaye zanen da ta rufe tafireta da shi. Tana da kwamfuta, amma kwamfuta sai da wuta, wuta kuwa kun san halinta. Sai ta share benci, ta ɗiga ruwa a tawadar dangwale, ta yi addu'arta da harshen Bura, ta zauna. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan za ta rufe, yanar ido ta ci ƙarfinta.

Aikinta buga takardun koke. Ta fara tun zamanin soja, lokacin da aka kira taron tsara mana kundin mulki, aka ce duk mai shawara ya rubuto. Tun daga nan kusan kowace majalisa sai ta kafa kwamitin gyara kundin, kwamitin ya zagaya ya ji ra'ayin jama'a. Kundin da kansa yana cewa mu ne muka rubuta shi. Ni dai ban tuna ranar ba, ƙila ina makaranta. Amma in akwai wurin da na ga talaka ya yi ƙoƙarin sa baki a ciki, to a kan bencin Ketura ne.

Takardar koke tana son suna, da adireshi, da sa hannu. A wani gari wannan ƙa'ida ce kawai. A Maiduguri mun yi shekarun da jerin sunaye a takarda yake nufin a fara haƙa kabari. Ba ka san hannun da takardar za ta faɗa ba, na daji ko na gari, kuma kowanne yana karatu daga sama ne. Don haka mutum hamsin za su zo da koke ɗaya, kowa ya yarda, kowa ya fusata, amma kowa yana jiran wani ya fara.

Ketura ta warware wannan da hanyar da ba a koyarwa a jami'a. Duk koken da ta karanta ta ga gaskiya ne, sunanta take bugawa a layin farko, da lambar gidanta a Maisandari, ta sa hannu, sannan ta juya takardar ta miƙa. Ta yi wa masu neman sabuwar ƙaramar hukuma, ta yi wa yaran da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira aka ce ba 'yan asalin ko'ina ba ne. Kirista ce, yawancin masu zama a bencinta Musulmi ne, kuma ban taɓa jin hakan ya rage wa tafireta gudu ba.

Shekara huɗu da suka wuce wata mata daga unguwar Dala mai suna Kellu ta zo da mata sittin da 'yan kai. An kwashe 'ya'yansu maza a shekarun tashin hankali, ba a ce suna raye ba, ba a ce sun mutu ba. Ba su nemi a hukunta kowa ba. Sun nemi a rubuta a kundin cewa duk wanda aka tsare, dole a sanar da uwarsa inda yake. Ketura ta buga, ta karanta musu da Hausa, Kellu ta maimaita da Kanuri, suka dangwala.

Kwana biyu kafin zaman kwamiti wasu maza biyu suka shigo shagon, cikin shadda mai guga, ba su faɗi daga ina ba. Ba'ana tela, maƙwabcinta, yana jin komai ta cikin langalanga, shi ya ba ni labari. Sun gaishe ta da ladabi, suka tambayi lafiyar jikokinta, kowane da sunansa. Sannan suka ce suna son ganin sunayen matan, don tsaron lafiyarsu.

Ta ce, "'Ya'yana, ga ta farko nan zaune a gabanku. In kun gama da ita sai mu je ta biyu."

Sun daɗe suna kallonta. Ɗaya ya karanto mata lambar gidanta, ta ce daidai ne, ƙofar shuɗiya ce. Suka tafi. Ba'ana ya ce bayan haka ta tura jikokin garin Biu, wata uku suna can. Kada wanda ya ce muku ba ta jin tsoro. Tana ji, kamar yadda ni da ku muke ji, sai dai ita tana buɗe shago da shi.

Ranar zaman an ba su minti uku. Shugaban kwamitin ya yaba da kishinsu, aka karɓi takardar da hannu biyu, aka ɗauki hoto. Ina jin tana nan a wata durowa cikin ƙoshin lafiya.

Ke ce, Ya Ketura, kika riƙe wa garin nan layin da masu digiri suka tsallake. Mu muna rubuta sharhi a jarida da sunan aro, ke kina rubuta lambar gida.

Yanzu an ce wani kwamitin zai zo, matan sun dawo, sun ragu da tara. Ketura ta buga musu koken da lalube, amma ta ce wannan karon ba za ta hau layin farko ba, don wadda ba ta ganin abin da aka miƙo mata ba za ta iya tsaya wa takarda a gaban kwamiti ba. Kellu ta miƙa babban yatsa ta ce a sa ta. Ketura ta riƙe hannun.

"A'a, Ya Kellu. Ɗanki yana hannunsu. Wannan layin na wanda ba a riƙe masa kowa ba ne."

Ina zaune a gefe, na zo ɗaukar bayanin wannan rubutu ne kawai. Ba a riƙe mini kowa ba, kuma duk shagon an sani. Matan suka juyo wajena. Na yi ta neman biro a aljihu ina fatan na manta shi, Ba'ana ya leƙo ya ara mini nasa. Na rubuta suna, na rubuta unguwa. Ketura ta kai takardar dab da idonta, ta dawo mini da ita.

"Malam, lambar gida."

Na rubuta. Yau kwana shida. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gidana sai na ajiye cokali, na ƙirga yarana da ido. Kwana shida kacal, har na rame. Ke kin yi shekara talatin da ɗaya a haka, kina gaisawa da mutane, kina zuwa coci, ba ki taɓa gaya mana nauyinsa ba. Mun gode, Ya Ketura. Allah ya ba idonki sauƙi, ya bar ki da jikokinki.

Ku kuma masu karatu, musamman masu ilimi irina, koken shafi bakwai ne, kowane shafi da nasa layin farko. Na cika ɗaya. Shagon yana buɗe har ranar talatin ga wata. Ku zo da bironku, kuma ku haddace lambar gidanku, don za ta tambaya.