Lado da Dorinar Fadama

Duk wanda ya taɓa hawa keken Lado a Jimeta ya san sai ya ba da aron kunnensa. Daga Nassarawo zuwa kasuwa za ka sha labarin giwa, ko kana so ko ba ka so. Matasa har sun laƙaba masa Bappa Giwa, shi kuwa bai taɓa jin haushin sunan ba. Abin da ke cin ransa shi ne babu mai saurare, kowa idonsa na kan waya.

Ɗan unguwar Makama ne, a Yola Gari aka haife shi. Mahaifinsa tela ne, ya so ya gaje shi, amma Lado bai iya zama wuri ɗaya ba. Ya koyi tuƙi, ya samu aiki a wani gandun daji can arewa, inda ya fi shekara ashirin yana zagayawa da baƙi a buɗaɗɗiyar mota yana nuna musu namun daji. A nan ya koyi abin da ya ɗauka shi ne duk arzikinsa. Giwa in tana kaɗa kunne tana ihu, burga ce kawai. In ta yi tsit ta naɗe hanci, to ka sa ribas. Gwaggon biri ba ya haushi a banza. Ɓauna kuwa ba ta da wasa ko da safe ko da yamma. Yakan kashe injin, ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru, sannan ya miƙa yatsa cikin ciyawar da baƙi ke ganin babu komai, sai ga gwanki tsaye. Wannan miƙa yatsan ya fi masa albashin daɗi.

Da 'yan Boko Haram suka mamaye dazuzzukan yankin, baƙi suka ɗauke ƙafa, ma'aikata suka watse. Lado ya dawo Jimeta da matarsa Hansai da ƙullin kaya, a lokacin da gari ya cika maƙil da 'yan gudun hijira. Kowa da irin rashin da ya yi, wani ɗa, wani gida. Wa zai buɗe baki a cikinsu ya ce shi kewar giwaye yake yi? Ya haɗiye abinsa, ya karɓi keke, shekaru suka yi ta wucewa.

A wata damina da Binuwai ta yi ambaliya, ruwa ya janye ya bar wata dorina a tafkin da ke gefen fadamar shinkafa. Ta shiga cin gonaki babu ji babu gani. Wanda ya fi kowa shan wahalarta shi ne Hamajoɗa, maƙwabcin Lado, mutum mai iyali da yawa wanda shinkafar nan ce abincinsu na shekara. Ran nan bayan la'asar ya tare Lado a ƙofar masallaci.

"Bappa, dorinan nan zai gama da mu. An ce kai ka san halinsu. Ka zo ka duba mana."

Hansai ta ce rabon da ta ga mijinta yana tafiya haka da sauri tun suna gandun daji. Ya tono tsohuwar rigarsa ta kaki daga ƙasan akwati, duk da cewa maɓallin ciki ya ƙi haɗuwa.

A fadama ya tarar da manoma sun taru, har da wasu mutum uku da bai sani ba, ba su da laka a ƙafa. Ya gan su sarai. Mutumin da ke gane damisa daga motsin ciyawa ba zai kasa gane maharbi ba. Amma yana ɗaga hannu kowa ya yi shiru, kuma wannan shirun ya shiga kansa. Ya nuna musu hanyar da take fitowa, ya ce dorina ba ta sauya hanya, inda ta bi jiya nan za ta bi gobe. Ya nuna kashin da ta watsa da wutsiya a jikin kaba. Ya ce in ta wangale baki kada su ɗauka hamma take, gargaɗi ne. Ya faɗi lokacin da take komawa ruwa, gab da fitowar rana, da gefen da iska ba za ta kai mata warin mutum ba. Ba wanda ya tambaye shi wannan na ƙarshen ma, daɗin baki ne ya ja shi.

Sai da ya zazzage komai sannan ya durƙusa kan wani ƙaramin sawu a cikin babban sawun dorinar.

"Tana da ɗa," in ji shi. "Shi ya sa ta ware daga garke. Ku haƙa rami a bakin hanyar nan, ku yi haƙuri kaɗan. Ruwan tafki na raguwa za ta ja ɗanta su koma kogi da kanta."

Suka gyaɗa kai. Hamajoɗa ya dubi shinkafarsa da ke kwance. Baƙin nan uku kuwa tuni sun koma gefen da iska ba ta bi, suna auna wurin da ido. Lado ya dawo gida yana ta ba Hansai labarin yadda aka saurare shi, amma bai ambaci baƙin nan uku ba.

Ba a daɗe ba, wata safiya yana goge keke, sai ga Hamajoɗa da babban kwano a rufe.

"Useko, mun gode, Bappa. Inda ka ce, nan dorinan ya fito, aka harbe shi. Ga rabonka na nama. Maharba sun ce wanda ya nuna, kasonsa daban ne."

Lado ya dubi kwanon. Bai ji haushin Hamajoɗa ba, mai 'ya'ya ne yana kare abincinsu, kuma bai taɓa ce masa ba za a harbe ta ba. Shi ne bai tambaya ba, don ya san amsar. Ya jingina da keken.

"Ɗan fa?"

"Ai har da shi na zo. Ya shige ciyawa, mun nema mun rasa. Mata suna tsoron zuwa ɗiban ruwa. Mutane sun ce kai kaɗai za ka gano shi."

Lado ya san inda yake. Yana nan cikin ruwa mara zurfi, daidai inda uwar ta saba sauka, hanci kawai a waje, yana jira. Ya kuma san ɗan da bai bar nono ba, ko an harbe shi ko ba a harbe shi ba, kwanansa kaɗan ne.

"Idona ya mutu, Hamajoɗa," ya ce. "Ba na ganin komai yanzu."

Ya shiga keke ya tayar. A bakin titi wani matashi ya tsayar da shi, ya hau yana dariya.

"Bappa Giwa, yau wane labari?"

"Ina za ka sauka?" in ji Lado.