Tafin Hannun Baba Yohanna

Na yi ritaya, amma ranar da muka je Gombi ɗauko iyalan ma'aikata ba ta taɓa barin raina ba. Lokacin ina direba mai mataki na biyar a wata ma'aikata a Jimeta, a shekarun da rikicin 'yan tada ƙayar baya ya koro mutanen arewacin jihar nan zuwa Yola. Babban direbanmu shi ne Baba Yohanna, mutumin kudancin Adamawa, gidansa na Jambutu.

Baba yana da wata ɗabi'a da muke yi masa dariya a kanta. Kullum da safe, kafin ya tada mota, sai ya zagaya tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya sa gejin auna iska, sannan ya dafa kowace da tafin hannu ya ce mata, "Jam na?" Wato lafiya, da Fulatanci. Idan muka tsokane shi sai ya ce, "Taya ma tana da zuciya, Hammadu. Wanda bai gaishe ta da safe ba, ita za ta gaishe shi da rana."

Ranar, cikin tsakiyar bazara, aka tura bas biyu, tsohuwa da sabuwa. Ni da Baba a tsohuwar, muna karɓar juna. Sabuwar kuma aka ba wani abokin aikinmu da muke kira Usman Jirgi saboda son gudu. A Gombi muka tarar da mutane jibge da katifu da buhuna, cikinsu har da Rifkatu, 'yar Baba, da jaririnta. Baba da kansa ya ce mata masu goyo su shiga sabuwar, ta fi daɗin zama. Kowa hankalinsa na kan shingen sojoji na bakin gadar shiga Jimeta, don in yamma ta yi aka rufe, sai kwanan hanya, kuma a lokacin ba wanda ke son kwanan hanya.

A Song muka tsaya shan ruwa. Rana ta take, kwalta har danƙo take yi. A nan Usman ya yi abin da direbobi da yawa ke yi da kyakkyawar niyya. Ya taɓa tayoyinsa ya ji zafi, sai ya rage musu iska wai kada su fashe. Ga wanda ba direba ba: iskar taya takan ƙaru in ta ɗau zafi, kuma wannan ba laifi ba ne. In ka rage, gefen tayar sai ya riƙa lanƙwasa a kowane juyi, lanƙwasar ta haifar da zafin da ya fi na rana. Ka haɗa da lodi da gudu, ka gama da ita. Shi ya sa ake auna iska da safe, tun tana sanyi.

Ba mu ga lokacin da ya yi ba. Sai da ya ja mota Baba ya hango tayoyin baya sun yi tumbi. Ya bi shi da gudu yana ihu, "Usman! Tsaya!" Ina! Ya riga ya hau titi. Muka kira waya, ba ta shiga.

Baba ya karɓi sitiyari. Wallahi na zaci zai taka totur har ƙasa, don ni da ni ne haka zan yi. Sai na ga allurar gudu ta tsaya a tamanin. Fasinjoji suka fara surutu, wani dattijo ya ce, "Direba, jana'iza ka ɗauko ne?" Na matsa kusa na ce, "Baba, Rifkatu fa tana gaba." Bai kalle ni ba. Ya ce, "Na sani. Waɗannan na baya ma 'ya'yan wasu ne." Gumi na zuba daga haɓarsa, leɓensa na motsi da addu'a.

Kafin Girei muka fara ganin baƙaƙen tsummokaran roba a kan kwalta. Gaba kaɗan ga sabuwar bas can cikin gona, ta karkace amma ba ta kife ba. Tayar baya ce ta tarwatse. Allah ya taimaki Usman bai danna birki ba, ya riƙe sitiyari har ta tsaya.

Baba ya yi fakin yadda ya saba, har da ba da sigina. Ya sauka ya ratsa mata masu kuka har ya kai ga Rifkatu, tana zaune a kan kunyar gona rungume da ɗanta, goshinta ya fashe kaɗan. Ya ɗora tafin hannun nan nasa a kanta. Ya ce, "Jam na?" Ta ce, "Jam, Baba." Sai ya zauna a ƙasa kusa da ita. Ni na ja tsohuwar bas zuwa gada, muka tsallake kafin a rufe. Usman ya biyo mu a hankali bayan ya sa safayar taya, kuma Baba bai taɓa kai ƙararsa ofis ba.

Ku da kuke aikin yanzu, motocinku na da fitilar da ke nuna iska ta ragu, mu ba mu samu wannan gata ba. Amma ƙafar da za ta ƙi taka totur alhali ɗanka yana gaba, ba kamfanin da ke ƙera ta. Baba ya rasu, mun kai shi ƙauyensu, da Usman cikin masu ɗaukar akwatin. Ni ko tsohuwar motata ta gida, ba na tada ta sai na dafa tayoyin. Jikokina na dariya, ni kuma ina jin muryarsa.