Ramin da Yake da Taga

Ana idar da sallar asuba muka fara shirin barin gida a Woolwich, ni da Inna, za mu asibiti a Whitechapel a duba idonta kafin a sa ranar yi mata aiki. In wannan ganin likita ya wuce mu, ba za a sake ba mu wani ba sai bayan ta koma Kano, idon kuwa kullum ƙara dushewa yake. Muna bakin ƙofa mai tasin da na kira ya turo saƙo wai ya fasa. Saura jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda Inna ta kafe tun zuwanta ba za ta shiga ba. Ta ce ba mai kai ta cikin rami sai ranar da aka ɗauke ta a makara.

Ban yi mata gardama ba, na san halin kayana. Cewa na yi ta zo ta leƙa tashar kawai.

Wanda ya zana tashar nan ya san tsoron mutane. Bakinta da faɗi, rufin can sama, ga gilasai, hasken safiya yana bin matakala mai tafiya da kanta har kusan ƙasa. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta kama hannuna.

"Ashe ramin da taga. Mu je."

A Whitechapel aka yi ta. Muna hawowa Inna ta ji wata mata tana waya da Hausa, sai ta ja birki daidai bakin matakalar ta shiga gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mutanen gida. Ga ma'aikata sun biyo mu a baya kowa na sauri, ga lokacinmu na tafiya. Amma an bar fili isasshe a wurin, jama'a suka riƙa rabewa biyu suna wucewa kamar ruwan sama ya tarar da turmi a tsakar gida. Ko tsaki ban ji ba. Matar, 'yar Jos ce, ita ta nuna mana ƙofar da ta fi kusa, muka isa asibitin ana kiran sunan Inna.

Da muka fito na saya mata samosa a kasuwar bakin titi, ta ci tana mitar tsada da ƙarancin yaji. Na ce in nemi tasi, ta ce a'a, ramin dai.

Muka dawo gida kafin azahar. Tafiyar ta koya mini cewa ginin kirki ba ya roƙon mutum ya sake hali, wuri yake bar masa da tsoronsa da gaisuwarsa. Ina ɗiga mata magani ta riƙe hannuna.

"In an gyara idon, can za ki fara kai ni. Ina so in ga tagar nan sosai."