Lokotoro Isaka, Wanda Bai Ci Jarrabawa Ba

Kullum da hantsi Lokotoro Isaka Sanda yakan fito da kujerarsa gindin itacen bedi a asibitin Agiye, ya zauna da masu taɓin hankali. Ba ya fara da allura. Tambaya yake yi, ya yi shiru ya saurara. A watan nan zai ajiye aiki, kuma har yau hukuma ba ta san shi a matsayin ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ba, don bai ci jarrabawar ba.

Abin nan yana ci mini rai. Likitocin manyan birane, masu hutun karatu da malamai a kusa, kusan duk suka haye. Na karkara kuwa aka yi ta kakkaɓe su kamar fara a gona. Damar Isaka ta ƙarshe ta faɗo a farin shekarar tamanin da huɗu, lokacin da shanu ke zubewa a hanyar Gangara.

A shekarar aka kawo masa Dikko, makiyayin da garkensa ya ƙare, ƙafarsa a turu, ya daina ci ya daina magana. Ƙanwarsa Tchima ta shaida mini: "Lokotoro ya ce a hidda mai turu. Ya zamna ƙasa, ya ce, 'Baffa, mi as sunan saniyar da ta hwara mutuwa?' Wallahi sai Dikko ya ce 'Wule', ya hwashe da kuka. Rannan ya sha hura."

Haka suka bi sunayen shanun ɗaya bayan ɗaya, ana yi musu makoki kamar mutane. Watannin da ya kamata Isaka ya yi bisa littafi, a nan suka tafi. Ya je jarrabawa da idanu jajur, ya dawo hannu wofi.

Waɗanda suka ci fa? Ko ɗaya bai taɓa taka Agiye da sunan aiki ba. Kai ne ka zauna, Lokotoro, mai kwance turu. Da ka ci, da tuni an ɗauke ka zuwa birni, da Dikko ya mutu a ɗaure. Faɗuwarka ce ta yi mana rana, kuma ina jin kunyar faɗin haka.

Mun gode, Lokotoro, Allah Ya biya ka. Ku matasan likitoci, ku ci jarrabawarku, amma ku dawo. Kujerar tana nan gindin bedi, kuma daga watan gobe ba kowa a kanta.