Yaya da Bokitin Wanki

Yayata marubuciya ce, labaran kimiyya take rubutawa: jiragen da ke barin duniya, injina masu baki, mutanen Tarauni sun tare a duniyar Mas suna rigima a layin ɗibar ruwa. Matsalarta ɗaya, ba ta iya rubuta magana sai ta ji ta da kunnenta. In 'yan sama jannatinta za su yi zance a cikin hulunansu na ƙarfe, sai ta zagaya bayan ɗakin girki, ta kifa bokiti a ka, ta yi ta surutu da murya iri-iri. Wai amon take nema. Bokitin wankina ne kuwa, don haka na sha zuwa makaranta da riga mai datti saboda adabi.

Wata Asabar Hajiyar da ke maƙwabtaka da mu a Gyaɗi-Gyaɗi ta hau bene shanya, ta hango ta. Kafin la'asar, na rantse har Hotoro an ji cewa aljanu sun kama haya a kan Yaya, har da masu jin Turanci.

Baba ya shigo fuska a murtuke.

"Daga yau babu rubutu. Kawo wayar."

A wayar take rubutun, littafin kuma ya kusa ƙarewa. Yaya ba ta yi musu ba, ta miƙa. Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba. Na tsokane ta, na kwaikwayi muryar injinta, ko harara ban samu ba. Nan jikina ya yi sanyi.

Washegari Baba ya zo da limamin masallacin layinmu ya yi mata ruƙiyya. Ni na laɓe a bayan labule.

"'Yata, da wa kike magana a cikin bokiti?" in ji Malam.

"Da direban jirgi, Malam."

Inna ta saki salati daga tsakar gida.

Yaya ta yi bayani a hankali. Jirgin ya yi nisa, babu fitowar rana, babu faɗuwa. Direban yana son ya yi salla, kwamanda ya ce ai nan babu lokaci. A nan labarin ya tsaya mata.

Malam ya gyara zama. "Babu lokaci? Wane irin kwamanda ne wannan? Ba su da agogon garin da suka baro?"

"Suna da shi. To alƙibla fa, Malam?"

Shi ke nan. Shayi ya huce, ƙuda ya yi iyo a ciki ya fita, suna nan suna juya jirgi. Baba ya yi gyaran murya har ya gaji.

"Malam, ruƙiyyar fa?"

"Alhaji, yarinyar nan lafiyarta ƙalau. Kwamandan ne ke buƙatar addu'a."

Da Baba ya raka shi ya dawo, ya daɗe a tsaye yana juya wayar a hannu.

"Mutane suna magana," ya ce.

"Na sani, Baba."

"Saura da yawa?"

"Babi ɗaya."

Ya miƙa mata. "Ki gama. Wanda ya tambaye ni, zan ce aiki kike yi."

Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Tana miƙewa ta yi ɗaki a guje, ta take mini ƙafa ta cikin labule, ko sannu babu.