Ƙafar Surukina a Kogin Doguwa

A wancan lokaci ni tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, wanda Turawan mishan suka horar tun yana yaro cewa ba a tashi a bar aiki rabi. Abin da na sa a gaba shi ne tonon gatarin aradu, wato duwatsun da mutanen dā suka sassaƙa, waɗanda ake samu cikin tsakuwar koguna a ƙasar Doguwa. Da farkon wata damina na nemi mijin 'yata ya raka ni, manomi ne daga Yako. Muka kafa tanti a kan wani tsibirin yashi a tsakiyar kogi, domin ruwan bai wuce idon sawu ba.

Bayan azahar, ina cikin jera duwatsun bisa tabarma, kowanne a gefen ramin da ya fito, sai ya matso, ya sunkuyar da kai, ya ce da ni Baba, kamar ruwan ya fara rinewa yana yin ja, alamar ambaliya na tafe. Na gani sarai. Ni da kaina na yi shekara da shekaru ina koya wa yara cewa ruwan da aka yi a kan tsaunuka yakan sauko ko da sama tana garau. Amma saura rami ɗaya, sai na amsa masa cewa ba a gaggawa a aikin ilimi. Bai sake magana ba. Suruki ba ya musu da uban matarsa, ba ya kuma haye kogi ya bar shi a baya.

Kafin in gama, ruwa ya shiga tantin. Ya durƙusa ya roƙe ni in hau bayansa, yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Muna tsakiyar kogi wani kututture ya daki gwiwarsa. Na ji ƙarar a jikina, amma bai sake ni ba sai a kan gaɓa.

Ƙafar ba ta koma daidai ba. Yau ƙannensa ke yi masa noma, kuma bai taɓa faɗa wa 'yata cewa ya gargaɗe ni ba.

Ina jan kunnen dattawa 'yan'uwana: wanda yake jin kunyarku ba zai maimaita magana ba. Idan ya faɗa sau ɗaya, a hankali, ku tashi nan take. Har gobe idan ya zo gaishe ni sai ya yi ƙoƙarin durƙusawa, gwiwar ta ƙi, ni kuwa in rasa inda zan sa idona.