Ƙugiyar Hawa na Uku

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana kula da lambun wani otal, har ɓarin jikinsa na hagu ya shanye aka sallame shi. Mai Fulawa ake ce masa, baƙi kuwa har tambayarsa suke yi ko ta burodi yake sayarwa. Da ya koma wurin 'yarsa a hawa na uku, babu fili ko taku ɗaya, sai baranda. Ya shimfiɗa buhu a cikin kwanduna, ya cika su da ƙasa da taki, ya sa aka rataya masa guda tara a bakin barandar. Furanni ne masu yaɗo, ja da shunayya, suna zubowa kamar gashin da aka tsefe. Ba ya ba su ruwa sai ya tsoma yatsa ya ji ƙasar ta bushe.

Ran nan da la'asar 'yar tana wurin aiki. Ya gama ban ruwa ke nan ya ji yashi yana zubo masa a hula. Ya ɗaga kai. Simintin sama ya tsage, ƙugiyar babban kwandon tana zarewa a hankali. Ya cafki sarƙar kwandon da hannun dama daidai lokacin da ƙugiyar ta fita. Nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya fizge shi, ƙirjinsa ya daki ƙarfen baranda.

Ya leƙa ƙasa. Maƙwabciyarsu mai ɗinki ta fito da kekenta tsakar gida, jaririnta yana barci a tabarma, daidai ƙarƙashin kwandon.

"'Yata," ya ce. "Ɗauke yaron."

Tun ciwon nan muryarsa ba ta nisa, ga ƙarar keke, ga rediyo. Ya yi ƙoƙarin jawo kwandon ciki, ya ƙi tasowa. Hannun hagu yana lilo a gefensa, ba ya jin magana. Sarƙar ta fara yankar tafinsa, yatsunsa suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai ya tuna bokitin da ke kusa da ƙafarsa. Ya tokare shi, ruwa ya kwarara ta ƙarƙashin ƙarfen, ya sauka kan yadin da take ɗinkawa.

"Haba Baba, sau nawa zan faɗa..." Ta ɗaga kai, ta hango kwandon yana lilo. Ta yi tsalle ta sunkuci yaron. Ko bango ba ta kai ba kwandon ya dira kan tabarmar, ya tarwatse.

Ya zauna a ƙasa. Da 'yar ta dawo ta ɗaure masa hannu, ya sa ta sauke sauran takwas ɗin. Suka jera su a daɓe, rassan suna jan ƙasa ana taka su. Kwana shida mai ɗinki ba ta amsa gaisuwarsa ba, shi ma bai ga laifinta ba.

A na bakwai mijinta, mai walda, ya hawo da abin awo a hannu, fuska ba walwala. Ya dubi tsagar, ya dubi kwandunan.

"Baba, wa ya kafa maka waɗannan ƙugiyoyin?"

"Surukina."

"To, kada ya ƙara. Daga ciki zan ɗaura maka ƙarfe, ko sun faɗo a gabanka za su faɗo. Matsa min in auna."